Fita cin abinci da yara: yadda za ku shiga gidan abinci ku fito ba a ji kunya ba

Washegarin wata ƙaramar Sallah, ranar Hawan Daushe, na kwashi iyalina muka je wani gidan cin abinci a Kano. Tun safe yaran ke yawon Sallah. An je gidan kaka, an biya gidan gwaggo, an tsaya a rana ana leƙen dawaki. Sai bayan Magariba muka samu tebur. Muka ba da oda, aka ce mana yanzu-yanzu. Yanzu-yanzun nan sai da ta ci minti 40. Kafin shinkafar ta iso, autarmu, mai shekara biyu da rabi a lokacin, ta juye gishirin teburin a cikin ruwan sha, ta ture tambulan ya faɗi ya tarwatse, sannan ta kwanta a kan tayil da sabon leshinta tana birgima tana tsala ihu. Wata Hajiya a teburin gefe ta dube mu ta taɓe baki. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na finciko yarinyar na daka mata tsawa. Ihun ya ninka.

A mota uwargida ta ce, "Abban yara, yarinyar nan rabonta da abinci tun ƙarfe ɗaya, kuma ko runtsawa ba ta yi ba. Me kake so ta yi?" Ban tanka ba, don ba ni da amsa. Tsawar da na yi ba don gyaran yarinya na yi ta ba. Don Hajiyar nan ta ga ba na wasa da tarbiyya na yi.

Yawancin abin da muke kira rashin tarbiyya a gidan abinci abu uku ne: yunwa, barci da jira. Na huɗun kuma na iyaye ne, wato idon jama'a, wanda ke sa mu ko dai mu kai hannu ko mu ba da cin hanci da askirim. Ga yadda muka gyara fitarmu tun daga ranar.

Ku fara gane abin da kuke nema daga yaron

A gida yaya yaronmu ke cin abinci? A kan tabarma ko leda, a tire ɗaya da 'yan'uwansa, da hannu. Ba a kiransa sai an zuba. Minti goma ya gama, ya wanke hannu, ya fice wasa. Sai rana ɗaya mu ɗora shi a kujerar da ƙafarsa ba ta kai ƙasa, mu ajiye masa cokali mai yatsu da kofin gilashi, ga sanyin iyakwandishan, ga talabijin ana ƙwallo, ga ƙamshin kaza ana wucewa da ita zuwa teburin wasu, mu ce ya zauna shiru rabin awa. Bai taɓa yin haka ba a rayuwarsa.

Shekaru ma suna da nasu hukunci. Tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa uku ne birgima da ihu suka fi yawa, domin yaro ya san abin da yake so amma bakinsa bai kai ya faɗa ba, kuma ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke taka wa mutum birki bai nuna ba tukuna. Ɗan shekara biyar zuwa bakwai yana iya riƙe doka biyu ko uku. Amma ɗan shekara tara da ya kaɗa wa mai kawo abinci yatsa ya ce "kai, zo nan", wannan ba yunwa ba ce, raini ne, kuma maganinsa daban. Kada a haɗa su a kwando ɗaya.

Mataki na farko: atisaye a gida

Ba a koyon iyo ranar da kogi ya kawo. Mako ɗaya ko biyu kafin fitar, ku riƙa zaunar da yaran ku ci tare, ko sau biyu ne a mako. Kowa da farantinsa, ba mai tashi sai an gama. Ku fara da minti goma, ku riƙa ƙarawa. Da gangan ku jinkirta zuba abincin na minti biyar bayan an zauna, don su saba da cewa zama ba shi ne ci ba. Yara suna son wasan "gidan abinci": babbar ta zama mai kawo abinci, ƙanin ya ba da oda, ya ce "don Allah", ya ce "na gode".

Muna da misali a gida ba sai mun aro ba. Umar ɗan Abu Salama ya ce yana yaro a gidan Manzon Allah (SAW), hannunsa yana yawo a cikin akushi, sai Annabi (SAW) ya ce masa: ya kai yaro, ka ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci abin da ke gabanka. Bukhari da Muslim sun kawo shi. Ku lura da siffar gyaran: jimla uku gajeru, kowace tana faɗa wa yaron abin da zai yi, ba zagi, ba tonon silili a gaban manya. Kuma yaron ya ce haka cinsa ya ci gaba da zama tun daga ranar.

Mataki na biyu: lokaci da wuri

Nan ne aka fi yin kuskure, nan kuma gyara ya fi sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini, mai shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, har da na rana. Yaron da aka hana barcin rana aka kai shi gidan abinci ƙarfe takwas na dare, an riga an kunna ashana. Mu yanzu bayan La'asar muke fita, yara sun yi barci sun tashi, wurin bai cika ba, masu aiki ba su gaji ba. Daren Sallah, lokacin buɗa-baki a azumi, da bayan saukowa daga masallacin Juma'a, ku bar wa masu manyan yara.

Wurin ma a zaɓa. Fitar farko a yi ta inda abinci ke shirye a cikin gilashi, ka nuna a zuba maka, irin tsarin Chicken Republic ko Mr Bigg's, ko wurin mai masa da kuka saba da shi. Wurin da sai ka ba da oda za a ɗora tukunya, ko a fara gasa kifi, a ajiye shi sai an ƙware. In da fili ko lambu inda yaro zai taka ƙafa, ya fi ɗakin da aka rufe ana magana ƙasa-ƙasa. Akwai kuma wuraren da mutane ke zuwa don tattauna kasuwanci ko neman aure. Kai ɗan shekara biyu irin wannan wuri zalunci ne gare shi da su.

Kada a fita da yaro cikinsa wayam wai don ya ci da yawa a can. A ba shi rabin ayaba ko ɗan kunu kafin a tashi. A jaka a sa ruwa, biskit, tishu, kayan canji, famfas, da takarda da fensir mai launi. Abin wasa ɗaya ya isa, kuma kada ya zama mai ƙara.

Mataki na uku: yarjejeniya tun a hanya

A mota ko a adaidaita, kafin a sauka, a faɗi doka. Uku sun isa: muna zama a kujera, muna magana a hankali, ba ma zuwa teburin wasu. Sai a faɗi abin da zai biyo baya in an karya: "Wanda ya tashi yana gudu, zan fita da shi waje sai ya huce. In aka sake, a zuba mana abincin mu tafi gida." A sa su maimaita da bakinsu.

A nan ne kuma za a kashe maganar kuɗi. Abin da aljihu zai ɗauka a yau kowa ya sani, kuma rabin rigimar manyan yara a gaban kanta ake yin ta: wannan na son shawarma, wancan ya hango fiza. A faɗa tun a hanya: kowa shinkafa da kaza, lemo ɗaya, askirim in an gama lafiya. Ƙaramin yaro a ba shi zaɓi biyu kawai, jalof ko dankali. In ka tambaye shi "me kake so?" ka buɗe ƙofar da ba za ka iya rufewa ba.

Sharaɗi ɗaya: kada ku faɗi abin da ba za ku aikata ba. In kun san ba za ku iya tashi ku bar wurin ba, kada ku ce za ku tashi.

Mataki na huɗu: minti goma na farko

Ku nemi tebur a lungu ko jikin bango, nesa da hanyar da ake fitowa da abinci daga kicin, kusa da ƙofar fita in zai yiwu. Yaro ya zauna ta ciki, babba ta waje. Biyun da suka fi faɗa a raba su. Kafin kowa ya gyara zama, a kwashe gishiri, yaji, tsinken sakace, wuƙa da gilashi zuwa can ƙarshen tebur.

Sai a tambayi mai kawo abinci kai tsaye: "Malam, wanne ne a shirye yanzu?" A ba da odar yara tare da ta manya a lokaci guda, a roƙa a fara kawo nasu. Ni har kuɗin nake biya tun da wuri, don in tafiya ta kama kada in tsaya jiran POS da yarinya tana shure-shure a kafaɗata. A kuma ce a rage yaji, a kawo farfesu da shayi ta gefen babba.

Lokacin jira, a yi da su. Kacici-kacici yana cin minti goma ba a sani ba: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, Baba na ɗaka gemu na waje. A ƙirga fitilu, a zana mota, a je wanke hannu a dawo a hankali. Abin da ke tayar da rigima sau da yawa shi ne Abba na kan waya, Umma na ɗaukar hoton wurin don sitatus, yaro ya ga ba mai kallonsa sai ya yi ɓarna.

Maganar waya fa? Jagorar nan ta 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu bai kamata a zaunar da shi gaban allo ba, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ni ba na cikin masu cewa haramun ne a miƙa wa yaro katun a gidan abinci. Amma a riƙe ta sai an ƙure, a kashe sauti, a karɓe in abinci ya zo. In tun zama aka miƙa, yaron bai koyi zama ba, kuma ranar da caji ya ƙare za a gane.

Wani abu a gefe: mun saba cewa zaƙi ne ke haukata yara. Wani nazari da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 1995, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, bai samu cewa sukari na canza halin yara ba. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne hayaniyar wurin da gajiya. Sai dai lemon kola yana da sinadarin kafin mai hana barci, kuma yaron da ya cika ciki da lemo ba zai ci abincin da aka biya ba. A bar lemon sai an ci rabi.

Mataki na biyar: in rigima ta ɓarke

Za ta ɓarke wata rana, duk shirin da aka yi. Akwai alamu kafin nan: murza ido, zamewa daga kujera, jifa da cokali, ƙananan koke-koke. Wanda ya tashi da yaro a wannan gaɓar ya zaga da shi waje minti biyar, sau da yawa ya kashe wutar tun tana hayaƙi.

In ta riga ta kama, ka matso kusa, ka durƙusa daidai tsayinsa, ka dafa shi, ka yi magana ƙasa-ƙasa. Tsawa daga wancan gefen tebur tana ƙara wa wurin hayaniya ne kawai, mutum biyu ke ihu maimakon ɗaya. Ka faɗi abin da ka gani da abin da za a yi: "Na san kin gaji, abincin ya daɗe. Ba a kwanciya a ƙasa. Ki hau cinyata ko mu fita waje." Gargaɗi ɗaya. Ba a ƙirga "na ce ki bari" sau bakwai, don yaro yana ƙirgawa tare da kai, ya san shida na farko ba komai.

Bai bari ba? Ka ɗauke shi ka fita. Ba fincika, ba jan kunne, ba jawabi. Ka tsaya a baranda ko jikin mota, ka riƙe shi ko ka zauna kusa da shi, ka bar shi ya gama kukan. Yaron da ke tsakiyar ihu ba ya jin nasiha, kamar zuba ruwa ne a kan dutse. Wajen ma kada ya zama wurin shaƙatawa, ba waya, ba sayen alawa a bakin titi, in ba haka ba gobe da gangan zai yi don a fita. In numfashinsa ya daidaita, a ba shi ruwa, a share fuska, a ce, "Za mu koma mu zauna. In aka sake, gida." In aka sake, a cika alkawari. A ce a zuba abincin a roba, a tafi. Sau ɗaya muka yi haka, manyan suka yi ta gunaguni har gida, amma ba mu sake bukatar yi ba.

Wa zai fita da yaron? A gidaje da yawa uwa ce, kullum, ta dawo ta tarar da abincinta ya huce, maigida ya gama yana sakace. A yi karɓa-karɓa. Uba ya ɗauki ɗansa ya fita ba ya rage masa girma. Haka kuma in an zo da 'yar aiki, a saya mata abinci ta zauna ta ci kamar kowa. Na sha ganin yarinya 'yar shekara 13 a tsaye da goyo tana jijjiga, iyali na cin kaza, ita ko ruwa ba a miƙa mata ba. Yaran da ke teburin suna kallo, kuma darasin da suke ɗauka ya fi duk wanda za a yi musu da baki.

Abubuwan da na daina, kuma nake ba da shawarar a daina: duka da ranƙwashi a bainar jama'a, domin yaron zai yi shiru don tsoro ko ya ƙara ihu don zafi, kuma babu wanda ya koya masa zama a ciki. Tsoratarwa da dodo, ɗan sanda ko mai allura, ko "zan tafi in bar ka a nan". Ranar da aka kai shi asibiti da gaske za a biya bashin wannan ƙaryar. Sai cin hanci. Askirim da aka yi alkawari tun a mota lada ne. Askirim da aka sayo don a rufe bakin mai birgima kuwa, an koya masa farashin birgima. Kuma kada uwa da uba su yi musu a gaban yaro, ɗaya na cewa a fita ɗaya na cewa a ƙyale shi. A bi maganar wanda ya fara, a yi gardamar a gida.

Babban yaro mai raini ba a ɗaukarsa a fita. A kira shi gefe, a faɗa masa a kunne, sannan ya koma ya ba mai kawo abincin haƙuri da bakinsa. Mutumin nan sa'an yayansa ne ko babansa. A nan ma yara daga gare mu suke kwafa: uban da ke tafa hannu yana "kai, sabis!" kada ya yi mamakin ɗansa. Haka wanda ya yamutsa fuska ya ce abincin ba daɗi, a tuna masa cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari.

Mutanen da ke wurin

Su ma kuɗinsu suka biya. In ɗanku ya je ya sa hannu a farantin wani ko ya watsa wa wata zoɓo a atamfa, a tashi a je da kai: "Don Allah Hajiya ki yi haƙuri, laifinmu ne." Kada a tsaya daga nesa ana dariya ana "yaro ne ai". In an fasa abu, a kira ma'aikaci a faɗa, a nemi biya, domin a wurare da dama daga albashin mai kula da teburin ake cirewa. Shinkafar da aka watsar a ƙasa a tattara abin da za a iya, a ɗan ƙara wa mai sharewa wani abu.

Mun taso ana cewa ɗa na kowa ne, don haka dattijo zai iya cewa ɗanka "kai, zauna", kuma sau da yawa maganar baƙo ta fi ta uba tasiri. A karɓa da "mun gode, Baba". Wanda ya wuce gona da iri, ya kama zagi ko ya ɗaga hannu, a shiga tsakani a ce, "Bar mini shi, zan ji da shi," a ɗauke yaron. Masu taɓe baki kuwa ba su da amsa, kuma ba sa bukata. Akwai yaran da hayaniya da haske ke gigita su fiye da kowa, irin masu lalurar galahanga (wato autism), wanda mai kallo daga nesa zai ɗauka sangarta ce. Tun da na san haka na daina taɓe wa kowa baki.

Abu biyu da suka fi kunya haɗari

Yaron da ke gudu tsakanin tebura yana iya karo da mai ɗauke da farfesu. In ƙuna ta faru, a sa wurin ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai ko manja, sannan asibiti in wurin yana da faɗi ko a fuska ne ko hannu.

Na biyu shaƙewa. Gyaɗa, gugguru, inabi ɗungurungum, ƙwallon dabino, guntun tsire mai tauri da ƙayar kifi ba na ƙananan yara ba ne sai an yayyanka an tsince, kuma ba a ci ana gudu ko ana kuka. In yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. In ya yi shiru, ba kuka ba numfashi, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5, in bai fito ba a zagayo ta baya a danna saman cibiya ciki da sama sau 5, a yi ta maimaitawa ana neman mota. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya ba a danna masa ciki: a kifa shi a kan hannu kansa ƙasa a buga baya sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsa biyu sau 5. Kada a ɗura ruwa, kada a zura yatsa ana lalube.

Bayan an dawo

Ba a daren za a yi shari'a ba. Da safe, an huce, a ce, "Jiya me ya faru? In muka koma me za mu yi?" Wanda ya yi abin kirki a faɗi takamaiman abin a gaban kakarsa: ya zauna har aka gama, ya ce wa mai kawo abinci na gode. Kuma kada a yi rantsuwar ba za a sake fita da su ba. A koma da wuri, a gajarta.

Mu bayan mako biyu muka koma, wani wurin daban, ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Auta ta yi barcinta, ta ci ayaba a mota. Minti 25 muka yi. Ta zubar da rabin zoɓonta a kan rigata, ta ce wa mai kawo abinci "na dode", ya yi dariya ya ƙaro mata tishu.